Ƙwan fitila, ƙurar hunturu da ɗan kunkurun Ummi

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Kawu ya iso daga Gashuwa jiya bayan isha'i, riƙe da kwalin takalmi da aka huhhuda wa murfi. A ciki akwai ɗan kunkuru wanda bai cika tafin hannuna ba. Manyan kunkuru biyu da ke tsakar gidansa tun ina yaro su ne iyayen, an ƙyanƙyashe shi da daminar bana, Kawu kuma ya kawo wa 'yata Ummi tsaraba. Irin na Sahel ne, mai launin yashi, wanda in ya girma yakan wuce kilo 40. Na ɗora shi a sikelin kicin, giram 58. Ummi ta raɗa masa suna Ƙoƙo.

Kawu ya ce, "Ɗana, can wurinmu ba a yi musu komai, daga ciyawa sai rana." Na ce, "Kawu, can Gashuwa ce, nan kuwa Jos." Garinmu yana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, kuma yau da asuba ma'aunin zafi na zaure ya nuna digiri 13. Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mu, daga waje yake aro. In ya yi sanyi ba ya ci, abin da ya riga ya ci ma ba ya narkewa. Don haka kafin komai sai akwati, fitilar da za ta zame masa rana, da abin ɗumi na dare. Na buɗe wannan littafi don in riƙa rubuta awo, ban yarda da tunanina kaɗai ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na yi yawon shagunan kayan wuta a wajen Terminus har ƙafata ta gaji. Ko'ina LED ne. Ƙwan LED haske kawai yake bayarwa, ni kuwa zafin da kowa ke gudu nake nema. A shagon kayan kiwon kaji aka nuna mini jan ƙwai na 'yan tsaki, wat 250. Wannan na ɗakin kaji ne, a ƙaramin akwati gasa Ƙoƙo zai yi. Daga ƙarshe na samu ƙwan halojin mai faffaɗan baki, wat 75, a ƙasan kanta a wani tsohon shago. Mai shagon ya ce duk abin da rana ke bayarwa shi ma yana bayarwa. Ban yi musu da shi ba, amma na san ƙwan zafi ba ya ba da UVB, wato wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda kunkuru ke buƙata don ƙashi. Wannan sai rana.

Abin da na kashe: ƙwai ₦6,500, kwanon fitila mai fari a ciki haɗe da holda ₦5,000, ma'aunin zafi mai igiya ₦4,500, kafinta ₦22,000 na akwatin katako, tsawo santimita 120, faɗi 60.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An kawo akwati. Na zuba ƙasar lambu wadda ba taki ba maganin ƙwari, na kifa rabin fasasshen kasko a gefe guda ya zama rami, na sa shimfiɗaɗɗen dutse a ɗaya gefen ƙarƙashin fitila. Na rataye fitilar da sarƙa a ƙugiyar bango, ban yarda da maƙalar da ta zo da ita ba.

Awon tsayi ya ci mini yini. Na ɗora bakin ma'auni a kan ɗan katako daidai tsayin bayan Ƙoƙo, don zafin da ke sauka a bayansa shi ne abin lura, ba na iskar akwati ba. A santimita 25 ya kai digiri 41. A 35 ya tsaya 33. A 30 ya zauna 36, can gefen kasko kuma 25. Nan na bar ta, na yi wa sarƙar alama da jan zare.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ya fara cin ciyawar kirikiri da ganyen kabewa. Da safe yakan fito daga kasko, ya hau dutse, ya miƙe wuya da ƙafafu kamar minti arba'in kafin ya nufi abinci. Da dare ina shigar da akwatin ɗakinmu, in sa gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul. Na yi odar ƙwan tangaran mara haske daga Legas, mai ba da zafi kawai, don ɗumin dare.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ƙwan tangaran ya iso tasha. Wat 100, ₦9,000, da na'urar daidaita zafi ₦18,000, kuɗin mota ₦3,000. Na saita ta a 26 don dare.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Tun jiya Maman Ummi ke cewa tana jin ƙaurin roba. Na duba kicin, na duba soket na firij, ban ga komai ba. Yau da la'asar na sunkuya kan akwati, sai warin ya bugi hancina. Na cire filogi, na jira ya huce, na kwance ƙwai. Holdar da ta zo da kwanon ta roba ce, cikinta ya koma ruwan ƙasa, gefe guda ya fara lanƙwasa. Kwana goma kacal. Akwatin katako ne, ga busasshiyar ciyawa a ciki, ga yara a gida. Jikina ya yi sanyi.

Na kira maƙwabcinmu mai gyaran wuta. Ya juya holdar a hannu ya ce, "Baban Ummi, wannan ta ƙwan LED ce. Ƙwai mai zafi yana rataye kansa ƙasa awa goma sha biyu, duk zafin gindinsa yake hawa. Sai ta tangaran." Ya nuna mini ɗan harshen ƙarfen da ke can cikin holda, wanda gindin ƙwai ke taɓawa. Ya ce in aka ɗaure ƙwai da ƙarfi harshen yakan kwanta, daga baya ya daina taɓawa sosai, wuta ta riƙa tartsatsi a tsakani, wurin ya yi baƙi, ƙwai ya mutu da wuri. A murɗa har ya zauna, a tsaya nan. Ya sa mini holdar tangaran biyu, ya sauya wayar da mai kauri. ₦4,000 har kuɗin aiki. Araha ba ta ado, da na tambaye shi tun farko.

Asabar, 7 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Duwatsun da nake hangowa daga ƙofar gida sun ɓace cikin hazo, leɓe na tsagewa, duk abin da aka goge da safe kafin azahar ya yi fari.

Kwana uku ke nan awon kan dutse yana sauka: 35, 33, yau 32, kuma kullum ƙarfe goma na safe nake dubawa. Ƙoƙo ya daɗe ƙarƙashin fitila har kusan azahar, ya bar rabin abincinsa. Ido bai nuna mini komai ba, ƙwai na ci kamar kullum, na ɗauka ya fara tsufa ne har na fara lissafin sayen wani. Da na haska tocila daga gefe sai na ga abin da ke nan. Ƙura ta kwanta a bayan ƙwai, farin cikin kwanon ya koma kalar toka, ragar wayar da na sa saboda kyanwa kuwa rabin ramukanta sun toshe.

Ga yadda na yi, kuma haka zan riƙa yi. Na cire filogi daga bango, ban tsaya ga kashe makunni ba. Na jira rabin awa cif. Na ɗauke fitilar gaba ɗaya daga kan akwati zuwa tebur, don kada ƙurar ta zube wa Ƙoƙo a ido da hanci. Na kama ƙwan da tsumma mai tsabta na kwance shi. Da farko busasshen burushi mai laushi, irin na fenti, don in an fara da jiƙaƙƙen tsumma ƙurar hunturu taɓo take zama, ta bar zane a gilashi. Sannan na ɗiga sifirit a auduga, ba a kan ƙwan ba, na goge gilashin, na kauce wa gindin ƙarfe da inda aka liƙa shi. Sifirit yana cire maiƙon yatsa kuma yana bushewa nan da nan. Sabulu ko maganin goge taga ban kusantar da su ba, suna barin saura wanda zafi zai ƙona ya tashi cikin akwati. Kwanon na goge shi da ɗanyen tsumma, holda kuwa burushi kawai, ruwa bai taɓa ta ba. Ragar na kai ta famfo na wanke, na shanya. Sai da komai ya bushe ƙayau na mayar.

Bayan awa ɗaya da kunnawa: 35. Digiri uku ƙura ta cinye. Ɗayan da ya rage sanyin gari ne, na sauke sarƙa da ƙwaya ɗaya ya dawo 36.

Abu ɗaya ya faru da ban zata ba: sifirit ya goge rubutun da ke jikin ƙwan, har da adadin wat. Na rubuta shi a bangon littafin nan.

Talata, 10 ga Disamba

36. Ya cinye abincinsa tas. Na sauya ragar da mai manyan ramuka.

Asabar, 14 ga Disamba

Gogewar mako. Minti goma in ba a lissafa jiran hucewa ba. Nauyi giram 66.

Lahadi, 15 ga Disamba

Yau ce rana mafi muni tun zuwansa.

Iskar hunturu a bushe take ƙwarai, ga fitila na ƙara busar da ƙasa. Kunkurun Sahel a daji cikin rami yake yini, inda akwai laima, kuma ƙanana in suka tashi a bushe bayansu yakan yi tudu-tudu maimakon ya yi sumul. Shi ya sa nake jiƙa shi a ruwan ɗumi kullum da safe, ina kuma fesa wa ƙasar ruwa. Na koya wa Ummi feshin. Abin da ban gaya mata ba shi ne ni kafin in kunna fitila nake yi. Na saba da shi har ban ga abin faɗa ba ne.

Bayan azahar ina zaure na ji ƙara kamar an fasa kofi, sai ihunta. Ta ga ƙasa ta bushe, ta ɗauki gorar feshi, ruwan sanyi ya sami gilashin da ya yi awa shida yana ci. Gilashi mai zafi in wani gefensa ya huce farat ɗaya tsagewa yake. Fuskar ƙwan ta rabe, manyan ɓaraguzai suka tsaya a raga, ƙanana suka zube kan dutse da ƙasa. Allah Ya kiyaye, Ƙoƙo yana cikin kasko, Ummi ma ko ƙwarzane babu.

Na cire filogi, na fitar da Ƙoƙo na duba idanunsa, wuyansa da hammatar ƙafafunsa da tocila, na wanke shi a ruwan ɗumi na sa shi a kwali. Ƙasar kuwa ban tsaya tsince ba. Kunkuru yana kai baki ga duk abin da ke ƙyalli, kuma ba wanda zai iya rantsewa ya tsince gilashi daga cikin ƙasa. Na kwashe ta duka, bokiti huɗu, na share akwati, na bi kusurwoyi da ɗanyen tsumma, na wanke dutse da kasko. Gindin ƙwan ya maƙale a holda, sai da filaya na murɗo shi. Magariba ta same ni ina zuba sabuwar ƙasa.

Ummi ta ƙi cin abinci. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Abba, ni na kusa kashe shi." Na zaunar da ita na ce ba ita ba ce, ni ne na ba ta rabin bayani. Na nuna mata ɓaraguzan, na bayyana mata abin da ruwa ke yi wa gilashi mai zafi. Muka rubuta a takarda da hannunta muka liƙa a jikin akwati: feshi da safe kafin a kunna, in kuma dole ne da rana, a zuba ruwa da kofi a kusurwar kasko, ba feshi.

Talata, 17 ga Disamba

Na koma tsohon shagon. Saura uku a kwali, na ɗauki biyu, ₦7,000 kowanne. Kwana biyun nan ƙwan tangaran da rana ta tsakar gida suka riƙe shi. Ummi ce ta kunna sabon.

Asabar, 21 ga Disamba

Ƙwan tangaran ya ƙona mini yatsu biyu. Ba ya haske, don haka ba abin da ke nuna yana ci, kuma ya fi na gilashi daɗewa kafin ya huce. Na ba shi rabin awa kamar ɗayan, bai isa ba. Daga yau awa guda, kuma sai na kusantar da bayan hannu na ji tukuna. Shi busasshen tsumma kawai yake so. Na duba jikinsa ko akwai tsaga, babu. Na sa kafinta ya yi masa kejin waya saboda hannun yara, ₦2,500.

Asabar, 28 ga Disamba zuwa Talata, 31

Taransifomar unguwa ta lalace, kwana uku ba wuta, a tsakiyar sanyi. Ɗan solar da muke da shi na fitilun ɗaki ne da cajin waya, ba zai ja wat 100 har asuba ba. Inna ta ce a sa kaskon gawayi kusa da akwati a rufe ɗaki. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki mutum ma yana kashewa, balle wannan ɗan abu." Muka koma gora. Biyu naɗe da tawul a cikin ƙaramin kwali, bargo a sama da 'yar kafar iska, ina tashi ƙarfe ɗaya da ƙarfe huɗu in sauya ruwa. Mafi ƙanƙantar awo da na gani a kwalin 21. Da rana sai tsakar gida daga sha ɗaya zuwa biyu. Ci ya ragu, amma hancinsa a bushe, ba majina, ba ya numfashi da baki.

Daren Talata aka kawo wuta, kuma na bar fitilar rana a kunne a soket tun ranar da aka ɗauke. Ta yi wani farin haske sau ɗaya ta mutu. Maƙwabcina ya ce siririn zaren da ke cikin ƙwai in yana da sanyi yakan ja wuta ninki goma ko fiye a daidai lokacin kunnawa, shi ya sa yawancin ƙwai a nan suke mutuwa. In aka haɗa da wutar da ta dawo da ƙarfi, shi ke nan. Ƙwai na biyu ya tafi bayan mako biyu kawai, ba laifin ƙura ba laifin ruwa.

Na sayi na'urar kariya irin wadda ake sa wa firij, mai jinkirta wuta na 'yan mintoci in an kawo, ₦8,500. Kuma duk lokacin da aka ɗauke, a cire filogi. Na ɗaura ƙwan da na ajiye.

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Ɗan yayata da ke karatu a Amurka ya aiko da ƙwan kunkuru na musamman ta hannun wani abokinsa. Na ji daɗin tunawar. Amma a gindinsa an rubuta bolt 120, wutarmu kuwa 230 ce. In na ɗaura shi, take zai ƙone. Na mayar da shi kwalinsa, na kira na yi godiya na kuma gaya masa dalili.

Asabar, 11 ga Janairu

Na kai Ƙoƙo wurin wani likitan dabbobi, tsohon abokin makaranta. Ya danna bayansa da cikinsa a hankali, ya ce ƙarfin ya yi daidai da shekarunsa. Ya tambayi UVB. Na ce ban sayi doguwar fitilarsa ba, rana nake kai shi. Ya ce a ƙasarmu wannan ya fi, muddin ba ta bayan gilashin taga ba, don gilashi yana tare UVB. Da wannan haske fata ke yin bitamin D3, da shi jiki ke ɗaukar kalsiyum, in babu sai ƙashi da baya su yi laushi. Ya ƙara da cewa ita fitilar UVB tana ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya ƙare, shi ya sa ake sauya ta bayan wata shida zuwa shekara, kuma akwai zaiba a cikinta in ta fashe. Bayan abin da na gani ranar 15 ga Disamba, na gode Allah da ba ita ce a kan akwatin ba.

Don haka awa guda a rana kullum, a cikin babban baho mai ƙasa, rabinsa a inuwa. Ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya, shirwa na shawagi a unguwarmu. Ranar da hazo ya yi kauri nakan ƙara rabin awa. Garin ɓawon ƙwan kaza da aka dafa aka daka, ɗan barbaɗe a kan ganye sau biyu a mako. Wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, wannan doka ce ga kowa a gidan.

Asabar, 18 ga Janairu

Gogewa. Kafin 34, bayan 36. Giram 79.

Asabar, 25 ga Janairu

Gogewa. Na ga gindin ƙwai ya ɗan yi duhu, na duba harshen holda, lafiya lau. Na lura kuma ban kamata in motsa fitila tana ci ba, zaren yana da laushi in ya yi zafi, girgiza kaɗan na iya tsinka shi. Yanzu in zan ɗaga raga sai na kashe na ɗan jira.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na zauna na yi lissafi. Daga Nuwamba zuwa yau kayan akwati da wuta sun ci ₦97,000. A ciki, ₦13,500 kuɗin ƙwai biyu ne da suka mutu ba da kwanansu ba. Wutar mita: ƙwan rana wat 75 na awa 12 bai kai yunit ɗaya ba, na dare in ya ci har asuba ya ɗan wuce ɗaya, wato wajen yunit biyu a kwana. Ƙwai na uku yau wata ɗaya ke nan, bai nuna gajiya ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sanyi ya fara sassautawa. Awon dutse ya hau 38 ranar Alhamis, na ga Ƙoƙo yana zama a gefen haske maimakon tsakiya, sai na ɗaga sarƙa ƙwaya biyu. Na'urar dare yanzu sai wajen ƙarfe uku take kunna ƙwan tangaran. Ƙurar wannan mako ba ta kai ta Disamba ba, audugar da na goge da ita da ƙyar ta sauya launi.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Giram 97. Sababbin layuka farare sun fito a tsakanin ɗakunan bayansa, kuma sumul suke. Na aika wa Kawu hoto, ya kira ya ce ya fi 'yan uwansa da suka rage a Gashuwa girma.

Shiri na gaba: kafin azumi ya yi nisa zan sa a gina masa ɗan shinge da bulo a kusurwar gabas ta tsakar gida, mita biyu da ɗaya, gindin a binne don yana tono, sama da raga mai ƙarfi. Bulo, siminti da raga mai gini ya ce wajen ₦35,000. Zai yini a can, ya kwana a akwati. Ƙwan rana zan rage shi zuwa awa huɗu na safe, in zafi ya kama in kwance shi, in goge, in naɗe a jarida in ajiye a kwalinsa saman kabad. Ba zan kai shi nesa ba, damina a Jos tana zuwa da nata sanyin da kwanaki na rashin rana. Litinin zan koma tsohon shagon nan in ga ko ƙwai ɗayan da na bari yana nan.